Bugun Ƙarfe, Yankan Wuƙa ko Matsin Inji: Zaɓin Hanyar Yi wa Bel na Fata Ado da Yanke Masa Farashi

Badukun da ya iya yanka bel daga ƙirgi, ya huda shi, ya sa masa kai, wato ƙarfen da ake ɗaure shi da shi, ba ya daɗewa kafin batun ado ya tsayar da shi. Masu saye suna tambayar mai zane, kuma mai zane ya fi kuɗi, amma zane yana cin lokaci, lokacin kuwa ba kowane mai saye ne yake yarda ya biya shi ba. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya bar bel ɗin sumul da ɗan layi a gefe, ko ya buga masa zane da ƙarafuna, ko ya yanka zanen da wuƙa ya tayar da shi, ko kuma ya matsa zanen da inji. Mafi yawan masu farawa suna auna waɗannan hanyoyi da tsadar kayan aikinsu, alhali abin da ya fi raba su shi ne yawan awannin da hannu zai yi a kan bel ɗaya, da kuma ko akwai wanda zai biya waɗannan awanni.

Abubuwan da za a auna

Ma'aunai shida ne za a bi da su. Akwai jarin farawa, wato kuɗin kayan aikin da ba a sayen su kullum. Akwai lokacin da bel ɗaya yake ci tun daga yanka har zuwa shafa mai na ƙarshe. Akwai ƙarko, wanda ya haɗa da ƙarkon fatar da na zanen da ke kanta, domin ana samun bel mai rai wanda zanensa ya riga ya shafe. Akwai sauƙin koyo, da haɗarin ɓarna, wato yawan fatar da ke lalacewa a hannu da wadda mai saye ke mayarwa. Na shida shi ne farashin da kasuwa ke iya ɗauka, kuma shi ne alƙalin sauran biyar ɗin.

Fatar da duk hanyoyin suka dogara a kanta

Kafin a shiga hanyoyin, wajibi ne a daidaita batun fata, domin kuskure a nan yana rushe kowane lissafi. Fatar da aka jeme da tsirrai, irin su ɓawon itace da 'ya'yan bagaruwa, ita ce take karɓar zane ta riƙe shi: idan aka jiƙa ta sai ta yi laushi ta ɗauki siffar ƙarfen da aka buga mata, idan ta bushe kuma siffar ta zauna. Wadda aka jeme da gishirin kurom (wani sinadarin ƙarfe), hanyar da ta bazu bayan Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884, ana gama jimarta cikin kwana ɗaya ko biyu, ta fi araha kuma ta fi jure ruwa, amma ba ta riƙe bugun hannu, domin da an ɗaga ƙarfe sai ta koma yadda take. Jimar tsirrai kuwa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma wannan jinkiri yana cikin kuɗinta. Daga cikin masana'antun jima da suka yi suna a wannan fanni akwai Hermann Oak da Wickett & Craig, dukansu a Amurka.

Ana auna kaurin fata da oza, inda oza ɗaya take daidai da kashi ɗaya cikin 64 na inci, kimanin milimita 0.4. Bel mai falle ɗaya yana son oza 8 zuwa 10, wato milimita 3.2 zuwa 4. Idan za a yi masa shafi a ciki, ana iya haɗa falle biyu marasa kauri sosai su ba da wannan jimilla ko su ɗan ɗara ta. Wurin da aka yanko shi ma yana da muhimmanci ƙwarai: fatar gadon baya, kusa da ƙashin bayan dabbar, ita ce mai tsauri wadda ba ta miƙewa, ta ciki kuwa sako-sako ce, kuma bel ɗin da aka yanko daga nan zai ƙara tsawo ya lanƙwashe komai kyan zanensa. Saboda haka wanda ya sayi rabin ƙirgi kada ya raba kuɗinsa da faɗinsa gaba ɗaya. Ya raba shi da adadin bel ɗin da zai iya fitarwa daga sashe mai kyau, ragowar kuma ya nema mata ƙananan ayyuka.

Hanya ta farko: bel sumul

Wannan ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ana yanka shi, a sassabe kaifin gefensa, a ja layi guda, a rina ko a bar shi da launinsa, a goge gefen da kakin zuma har ya yi sheƙi, a huda, a sa kai. Jarinsa kaɗan ne, koyonsa ba ya wuce 'yan gwaje-gwaje, kuma a wajen ƙarko babu wanda ya fi shi, tunda ba a taɓa fuskar fatar ba. Matsalarsa ita ce ba ya ɓoye aibi: tabon kaska ko na ƙaya ko kaushin rini duk a fili suke, don haka yana bukatar fata mai tsabtar fuska. Kuma a kasuwa yana gogayya da na masana'anta, wanda mai saye ba lallai ya bambance shi da na hannu ba sai bayan shekara biyu, lokacin da na garin fata da gam ya fara ɓarewa.

Hanya ta biyu: bugun ƙarfe

A nan ana jiƙa fatar, a bar ta har launinta ya kusa komawa yadda yake amma tana da sanyi idan an taɓa, sannan a ɗora ta a kan falalen dutse mai nauyi, a riƙa buga ƙarfe mai zane a kai da guduma, bugu bayan bugu, har a cika filin. Zanen da aka fi sani shi ne mai kama da saƙar kwando, sai masu kusurwa da masu kama da ɓawon kifi. Gudumar ta zama ta katako ko roba mai tauri ko ɗanyar fata, domin ta ƙarfe tana fasa kan ƙarafunan zanen.

Jarin matsakaici ne, kuma ana iya farawa da ƙarafuna uku ko huɗu kawai. Sai dai ƙarfe mai araha zanensa ba ya fita sosai, sai a riƙa ƙara ƙarfin bugu, hannu ya gaji, aikin kuma bai yi kyau ba. Koyon ba shi da wuya a ka'ida, amma yana bukatar natsuwa, saboda bel ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan bugu kuma kowane bugu a kan na bayansa yake dogara. Idan kusurwar ta karkace kaɗan a farko, kafin a yi taƙi guda saƙar ta bar layinta, kuma babu hanyar share ta. Wani haɗarin shi ne miƙewa: bugu yana tura fatar gefe da gefe, bel ya ƙara tsawo ya yi baka, shi ya sa ake manna wa bayansa tef ko kwali kafin a fara, kuma ba a huda ramuka sai an gama zane fatar ta bushe. Haka kuma duk baƙin ƙarfen da ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar fatar jimar tsirrai yana barin baƙin tabo wanda ba ya fita da sauƙi.

A wajen ƙarko, bugun ƙarfe yana da kyau, domin ba ya yanka fuskar fatar, danne ta kawai yake yi. A ganina wannan ita ce hanyar da ribarta ta fi tabbata ga baduku mai aiki shi kaɗai, saboda mai saye yana ganin bambancin da idonsa tun daga nesa, lokacin da aka ƙara kuma bai kai ya fitar da farashin daga aljihun talakan mai saye ba.

Hanya ta uku: yankan wuƙa

Wannan ita ce ƙololuwar sana'ar, kuma a nan ne masu yi suka fi cutar kansu wajen farashi. Ana fara zana furanni da ganyaye da rassa a takarda daidai faɗin bel ɗin, a kwafe su a kan jiƙaƙƙiyar fata, sannan a bi layukan da wata 'yar wuƙa mai juyawa wadda ake ɗora mata yatsa a sama, a yanka kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin fatar. Bayan haka a bi gefen kowane yanka da ƙarfe mai gangare a danne ɓangare ɗaya domin furen ya taso, a sa wani ƙarfen a yi inuwa a cikin ganye, a sa wani a murƙushe filin da ke bayan zanen. Daga nan sai a shafa abin da zai hana rini shiga inda ba a so, a cusa launi mai duhu a cikin ramuka, a goge. Salon da ya fi shahara a wannan aiki shi ne na Sheridan, wani gari a jihar Wayomin ta Amurka, wanda aka fi danganta shi da Don King, mai haɗa sirdi; ana gane shi da furanni a tsakiyar da'irori da rassa masu zagaye su a matse, kuma yana bukatar ƙananan ƙarafuna masu kaifin zane.

Jarin ya fi na bugu, tunda ƙarafunan sun fi yawa kuma wuƙar tana son wasawa a kai a kai, amma har yanzu bai kai kuɗin inji ba. Abin da yake da tsada shi ne koyo. Sarrafa wuƙar har layi ya fito da santsi, ya fara da zurfi ya ƙare da siriri, abu ne na watanni da shekaru, kuma fatar da ake ɓatawa a wannan tsakani ba wanda zai biya ta. Bel kuma ya fi jaka wuya a wani fanni: filinsa siriri ne mai tsawo, faɗinsa galibi inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, don haka dole zanen ya maimaita kansa ba tare da an ga mahaɗa ba, ya kuma ƙare daidai inda ramuka suka fara.

Ƙarkonsa ya danganta da hannun mai yi. Yanka mai zurfi fiye da kima yana raunana fatar, musamman a inda take naɗewa a kan kai da kuma kusa da ramuka, shi ya sa masu hankali suke barin waɗannan wurare babu yanka ko su yi zane mara zurfi. Mafi yawan bel irin wannan ana yi musu shafi, kuma shafi yana jawo ɗinki. Bel mai tsawon inci 45 yana da gefe na kusan inci 90 idan aka haɗa biyun. A ɗinki 7 kowane inci, an sami ɗinki 630, kuma idan da allura biyu ake yi da hannu, wannan kaɗai aikin awanni ne. Da yawa sukan lissafa zanen su manta da ɗinkin.

Haɗari mafi girma shi ne awo. Bel mai sunan mutum ko harufansa, idan ya yi gajarta ko ya yi tsawo, ba a iya sayar wa wani. Lambar wando ba abin dogaro ba ce. Abin dogaro shi ne a auna tsohon bel ɗin mai shi daga inda fata ta naɗe a kan kai zuwa ramin da yake amfani da shi, a mai da wannan awo ramin tsakiya cikin ramuka biyar masu tazarar inci guda.

Hanya ta huɗu: matsin inji

Ana sassaƙa zanen sau ɗaya a jikin faranti ko mulmulallen ƙarfe, sannan a riƙa zura jiƙaƙƙiyar fata ana matsawa, zanen bel guda ya fito cikin 'yan mintuna. Jarin shi ne mafi nauyi, kuma kowane sabon zane sabon kuɗi ne. Koyo da ɓarna kaɗan ne, aikin kuma iri ɗaya yake fitowa kullum, wanda shi ne abin da mai sari yake so. Amma zanen ba shi da zurfin na wuƙa, gefensa a dakushe yake, kuma ya fi saurin lafawa a inda bel ke goguwa. Ana iya bin sa da wuƙa da ƙarfe a ƙara masa kaifi, wannan kuma hanya ce mai kyau matuƙar an gaya wa mai saye gaskiya. Sayar da matsin inji da sunan aikin hannu yana iya kawo ciniki sau ɗaya, amma masu sanin fata suna gane shi da maimaituwar aibi guda a tazara guda. Injin leza kuwa ƙona zane yake yi a fuskar fata, ba ya tayar da shi, kuma bai kamata a ƙona fatar kurom ko ta roba da shi ba saboda hayaƙinsu yana cutarwa.

| Ma'auni | Sumul | Bugun ƙarfe | Yankan wuƙa | Matsin inji |
|---|---|---|---|---|
| Jarin farawa | Kaɗan | Matsakaici | Matsakaici zuwa sama | Mai yawa |
| Lokacin bel ɗaya | Gajere | Matsakaici | Mai tsawo ƙwarai | Gajere |
| Ƙarkon fata | Mafi kyau | Mai kyau | Ya danganta da zurfin yanka | Mai kyau |
| Ƙarkon zane | Babu zane | Mai kyau | Mafi kyau | Yana lafawa |
| Koyo | Mai sauƙi | Yana son natsuwa | Mai wuya | Mai sauƙi |
| Haɗari | Gogayya da na masana'anta | Karkacewa da miƙewa | Kuskuren awo, rashin biyan lokaci | Jari ya kwanta |
| Farashi | Ƙasa | Tsakiya | Sama | Ƙasa zuwa tsakiya |

Yadda ake yanke farashi

Hanya mafi yaɗuwa ita ce a ninka kuɗin kaya sau biyu ko uku. Tana aiki a bel sumul, inda kaya da aiki suke kusa da juna, amma a yankan wuƙa asara ce tsantsa, domin fatar bel mai zane da ta mara zane kusan kuɗinsu ɗaya ne, bambancin duk a hannu yake. Hanya ta biyu, wadda na fi aminta da ita, ita ce a haɗa kuɗin kaya da ladan awanni, a ɗora kason ɗawainiya. Kaya sun haɗa da fata, kai, zare, rini, mai, gam, da kusoshin da ke riƙe kai. Kan tagulla zalla ko na ƙarfe mara tsatsa ya fi na tutiya mai rufi tsada, amma bel mai awanni goma a jikinsa bai cancanci kan da rufinsa zai goge ba. Ɗawainiya kuma ita ce haya, wuta, wasa wuƙa, ɗaukar hoto, lokacin da ake ɓatawa wajen magana da mai saye, da fatar da ta lalace.

Domin lissafin ya yi aiki da kowane irin kuɗi, a ɗauki ladan awa guda a matsayin ma'auni ɗaya, kuma adadin da ke tafe misali ne kawai, kowa ya sa nasa bayan ya auna kansa da agogo. A ƙaddara kayan bel sumul ma'auni 2 ne, aikinsa awa ɗaya da rabi: jimilla 3.5. Na bugu kaya 2, aiki awa 4: jimilla 6. Na wuƙa mai shafi kaya 3, aiki awa 14: jimilla 17. Idan aka ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ɗawainiya, sai su koma 4.2 da 7.2 da 20.4. Wato kafin a yi maganar riba, na wuƙa ya kusa ninka na sumul sau biyar. Idan masu saye ba za su wuce ninki uku ba, wato 12.6, to bayan an cire kaya 3 da ɗawainiya 3.4, abin da ya rage wa awa 14 shi ne 6.2, ƙasa da rabin ladan da badukun ya yanka wa kansa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ganin gwani aiki ya yi masa yawa amma aljihunsa bai nuna ba.

Na inji lissafinsa daban ne, domin kuɗin injin ake rabawa. Idan inji da farantinsa sun ci ma'auni 100, kuma aka sayar da bel 50, kowanne ya ɗauki nauyin 2. Idan aka sayar da 500, nauyin ya sauko zuwa 0.2. Wanda ba shi da tabbacin yawan ciniki, jarinsa zai kwanta a kusurwar shago.

Akwai kuma hanya ta uku da masu aikin oda suke bi: a sa farashin tushe na bel sumul, sannan a ƙara kuɗi a kan kowane incin zane, da shafi, da harufa, da launi. Amfaninta shi ne mai saye yana ganin abin da yake biya, kuma idan kuɗinsa bai kai ba sai a rage zane maimakon a rage lada. Duk wanda zai sayar wa 'yan sari kuma ya tuna cewa mai shago yakan so ya ninka abin da ya saya, don haka farashin sari dole ya riga ya ƙunshi lada da ɗawainiya da riba. A aikin oda mai suna, karɓar kafin alƙalami wanda aƙalla ya rufe kuɗin kaya ba rashin yarda ba ne, tunda idan mai shi ya fasa babu wanda zai ɗauki bel ɗin.

Wace hanya ga wane

Mai farawa da ƙaramin jari ya zauna a kan bel sumul har gefensa da ramukansa su daidaita, yana gwada bugu a kan guntayen fatar ciki da ba su da amfanin bel. Wanda yake aiki shi kaɗai kuma da wannan sana'a yake ci, bugun ƙarfe ne ya kamata ya zama ginshiƙin cinikinsa, da zane biyu ko uku da hannunsa ya saba da su. Yankan wuƙa ya dace da wanda ya riga ya sami masu saye da suka san aikin kuma suke jiran layi. Wanda bai kai nan ba, ya yanka zane a sashe kaɗan, kamar kusa da kai ko tsakiyar baya, ya cika sauran da bugu, ta haka awannin su ragu bel ɗin kuma ya ci gaba da ɗaukar ido. Matsin inji na mai oda mai yawa ne iri ɗaya, kamar na ƙungiya ko na shaguna, wanda ya riga ya ƙirga bel nawa zai sayar kafin injin ya mayar da kuɗinsa. Mai saye kuma da yake neman abin ɗaurawa kullum wajen aiki mai wahala, sumul mai kaurin oza 10 daga gadon baya ya ishe shi. Mai neman kyauta ko abin ajiye tarihi ne ya kamata ya biya kuɗin wuƙa, bayan ya kawo tsohon bel ɗinsa an auna.